An Ce Za a Tura Yaronku Makarantar Ladabtarwa a Texas? Tambayoyi da Amsoshi ga Iyaye

Wannan shafi na iyayen da 'ya'yansu ke makarantun gwamnati a Amurka ne, musamman jihar Texas, inda mutanenmu suke da yawa a Houston da kewayen Dallas. Yawancinmu mun taso ne a inda ba a ja da malami: idan shugaban makaranta ya yanke hukunci, uba ya yi godiya, ya ja kunnen ɗansa, magana ta ƙare. Tarbiyya ce mai kyau, amma a nan shirun uba a ɗakin taro ana rubuta shi ne a matsayin babu wanda ya yi jayayya. Kuma dokar Texas ta buɗe wa iyaye ƙofa sosai kafin a yanke hukunci, bayan an yanke kuwa sai ta tsuke ta. Majalisar jihar tana zama duk bayan shekara biyu, kusan kowane zama kuma sai ta taɓa dokar ladabtarwa, don haka ku haɗa abin da ke nan da kundin ɗa'a na gundumarku na wannan shekarar.

Wace irin makaranta ce wannan, kuma me ya raba ta da dakatarwa ko kora?

A takardun da za a aiko muku za ku ga haruffa huɗu, DAEP. Shiri ne da dokar ilimi ta Texas ta wajabta wa kowace gundumar makarantu tun 1995, a babi na 37. Ana cire yaro daga ajinsa a kai shi wani wuri dabam, wani lokaci gini ne mai zaman kansa a can wani gefen gari, wani lokaci ɓangare ne da aka keɓe a cikin wata makaranta. Yana nan a matsayin ɗalibin gunduma, ana kiran sunansa kullum, ana ba shi darasi, sai dai ba tare da abokansa da malamansa ba, kuma a ƙarƙashin tsaro mai tsanani. A wurare da dama ana caje yara a ƙofa kowace safiya, akwai tufafin da aka ƙayyade, ba a shiga da waya.

Dakatarwa ta zaman gida ba ta wuce kwana 3 na makaranta a kan laifi guda. Kora ita ce ta fi nauyi, kuma a ƙananan hukumomin da mutanensu suka haura 125,000 yaron da aka kora yakan faɗa wata makarantar da hukumar shari'ar yara ke gudanarwa, wadda ake kira JJAEP. Kowanne daga cikin ukun nan da haƙƙinsa, shi ya sa abu na farko da za ku tambaya a waya shi ne: wanne ake nufi a cikinsu?

Wane laifi ne ke kai yaro can?

Hanya biyu ce. Akwai laifukan da doka da kanta ta lissafa: dukan da ya ji wa wani rauni, riƙe ko sayar da wiwi da sauran ƙwayoyi, giya, aikin batsa a bainar jama'a, da duk babban laifin da kotu ke hukuntawa, idan an aikata su a harabar makaranta, ko cikin tazarar ƙafa 300 daga ita, ko a wani taron makaranta ko da a wani gari ne. Barazanar kai hari da ƙararrawar ƙarya suna cikin jerin, kuma nan ne yara da yawa ke faɗawa ta hanyar wasan banza a Snapchat ko Instagram. A 2023 majalisa ta saka sigarin lantarki cikin laifukan dole, makarantun ladabtarwa suka cika maƙil, sai a 2025 ta sassauta wa wanda aka kama da shi karon farko. Bindiga kuwa ta wuce nan, domin dokar tarayya ta 1994 ta ce korar shekara guda, ko da yake shugaban gunduma na iya ragewa bisa duba lamarin yaron.

Hanya ta biyu ita ce wadda gunduma ta rubuta wa kanta a kundin ɗa'a: yawan rashin kunya ga malami, faɗan da ba a ji rauni ba, maimaita ƙananan laifuka. A nan doka ba ta tilasta komai ba, ganin dama ne na makaranta. Wani babban bincike da aka fitar a 2011, wanda ya bi sawun ɗaliban Texas kusan miliyan ɗaya, ya gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari an taɓa dakatar da su ko korarsu tsakanin aji 7 da aji 12, kuma kashi 3 cikin ɗari kacal na hukuncin ne doka ta wajabta. Sauran duk zaɓin jami'an makaranta ne. Abin da mutum ya zaɓa kuwa ana iya shawo kansa ya sauya.

An kira ni taro a makaranta. Me zai faru a wurin?

Doka ta ce kafin kwana 3 na makaranta su wuce da cire yaro daga aji, dole jami'in da ke kula da ɗa'a, wanda galibi mataimakin shugaban makaranta ne, ya tsayar da lokacin zama tsakaninsa da ku, da yaron, da malamin da ya fitar da shi idan malami ne ya fitar. A zaman za a faɗa wa yaro abin da ake zarginsa da shi, a bayyana dalilin zargin, sannan a ba shi dama ya faɗi nasa. Tushen wannan shi ne shari'ar Goss da Lopez ta 1975, inda wasu ɗalibai a birnin Columbus na jihar Ohio suka yi ƙarar an dakatar da su ba tare da an saurare su ba, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ko dakatarwar kwana 10 ce ko ƙasa da haka sai an sanar da yaro an kuma ji ta bakinsa.

Ga abin da ba a cika gaya wa iyaye ba: idan makaranta ta neme ku yadda ya kamata ba ku zo ba, tana da ikon yanke hukunci ba tare da ku ba. Saboda haka idan lokacin ya ci karo da aikinku, kada ku bari ya wuce haka nan. Ku tura imel a ranar, ku ce kuna son halarta, ku ba da wani lokaci na kusa ko ku nemi a haɗa ku ta waya. Ku je ku biyu idan da hali, ɗaya na magana ɗaya na rubutu.

Kada ku zaci za ku tarar da zaure irin na kotu. Yawanci ƙaramin ofis ne, tebur guda, jami'i da kwamfutarsa a buɗe, takardar hukunci kuma sau da yawa an riga an cike ta, adadin kwanaki da sa hannu kawai take jira. Zaman na iya ƙarewa cikin mintuna kaɗan idan babu wanda ya buɗe baki.

To me zan faɗa? Ni ban san doka ba.

Ba sai kun san doka duka ba. Abu shida ne dokar Texas ta ce dole jami'in ya auna kafin ya tura yaro, ko da laifin yana cikin na dole: ko kare kansa yake yi, ko da gangan ya yi ko ba da niyya ba, tarihin ɗa'arsa, ko yana da wata nakasa da ta hana shi gane munin abin da ya aikata, ko yana hannun riƙon gwamnati, ko iyalinsa ba su da matsuguni. Idan aka ce muku hannun makaranta a ɗaure yake, ku tambaya cikin ladabi: yaya aka auna waɗannan abubuwa shida a kan ɗana? Ku roƙi a rubuta amsar.

Ku ɗauki misalin yarinyar da aka tsinci sigarin lantarki a jakarta, ita kuma ta ce ƙawarta ce ta ba ta ajiya kafin a shiga aji. Maganar niyya ce. Ko yaron da aka tare a banɗaki aka fara kai masa naushi ya rama. Maganar kare kai ce, kuma akwai yiwuwar kyamarar baranda ta nuna wanda ya bi wani. Ku nemi a nuna muku hoton. Ku nemi rahoton da malami ya rubuta da kuma duk abin da aka sa yaronku ya rubuta da hannunsa. Dokar tarayya ta FERPA, ta 1974, ta ba ku ikon duba fayil ɗin ɗanku, kuma dole makaranta ta ba ku wannan dama cikin kwana 45. Kwana 45 ya yi nisa ga mai taro jibi, don haka ku nema tun ranar farko, ku kuma faɗa a zaman cewa kun nema ba a ba ku ba.

Kafin ku bar gida ku zaunar da yaron ya ba ku labarin daga farko har ƙarshe, ba tsawa. Yaron da ke tsoron mahaifinsa fiye da shugaban makaranta zai ɓoye rabin labari, sai ku je ku ji sauran a gaban mutane. Sannan ku zo da abin da za ku miƙa a madadin turawar: dakatarwa ta cikin makaranta, ganawa da mai ba da shawara, yarjejeniyar gyara hali, ko rage kwanaki. Jami'in da aka ba wa mafita ya fi saurin sassautawa a kan wanda aka yi wa roƙo kawai.

Wata al'ada tamu da ke cutarwa a nan ita ce ta fara ba da haƙuri tun kafin a ji zargi, a ce "yaro ne, ya yi kuskure, a yafe masa". A wurinmu girmamawa ce. A fayil kuwa abin da za a rubuta shi ne uba ya amsa laifin.

An miƙo mini takarda in sa hannu. In sa?

Ku karanta tukuna. Wata takardar shaida ce kawai cewa an ba ku kwafi, wata kuma tana cewa kun amince da hukuncin ko kun yafe haƙƙinku na a saurare ku. Idan ta farkon ce, kuna iya sa hannu ku rubuta a gefe cewa kun karɓa amma ba ku amince ba. Idan ba ku gane ba, ku ce za ku tafi da ita gida. Ƙin sa hannu ba ya tsayar da hukunci, amma yana barin ƙofar ƙorafi a buɗe.

Ku yi hattara da tayin da ake kawowa da murmushi, cewa ku amince a mayar da yaro wata makarantar "don amfanin kansa" ba tare da an rubuta laifi ba. Wani lokaci alheri ne da gaske. Sai dai wanda ya tafi da yardar iyayensa ba shi da ranar dawowa a rubuce sai in an rubuta, don haka ku tambayi yaushe zai dawo, kuma wa zai yanke.

Turancina bai kai na irin wannan zama ba. Ya zan yi?

Ku nemi tafinta, kyauta ne. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci saboda asalin ƙasar mutum, kuma tun shari'ar Lau da Nichols ta 1974 aka fahimci cewa shingen harshe na cikin wannan. Ga yaran da ke shirin ilimi na musamman ma ƙa'idar ta fito fili: dole a samar wa iyaye tafinta a taron tsara karatun ɗansu. Gundumomi da yawa suna da kamfanin tafinta ta waya, amma samun mai Hausa kan ɗauki lokaci, don haka ku faɗa da wuri, kuma a rubuce. Wanda ya fi sakewa da Faransanci ko Larabci ya nemi wannan. Kada ku yarda a mai da yaron da ake tuhuma tafintan iyayensa.

Takardunmu na zama ba su kammala ba. Yin magana ba zai jawo mana matsala ba?

Haƙƙin yaro na shiga makarantar gwamnati bai rataya a kan takardun zama ba. Daga Texas ɗin ma shari'ar ta fito, ta Plyler da Doe, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1982. Zaman ladabtarwa ba wurin tambayar biza ba ne, kuma ba dole ku amsa ba idan an tambaya. Inda ake buƙatar taka tsantsan shi ne idan 'yan sanda sun shigo lamarin, domin tuhumar ƙwaya ko ta duka na iya taɓa maganar zama nan gaba. A wannan hali ku ga lauyan shige da fice kafin yaro ya amsa kowane laifi.

An riga an yanke. Zan iya ɗaukaka ƙara?

Kuna iya, amma kada wani ya ruɗe ku cewa hanya ce mai faɗi. Kowace gunduma tana da matakan ƙorafi, galibi uku: shugaban makaranta, ofishin shugaban gunduma, sannan hukumar zaɓaɓɓun wakilai da ke kula da makarantun gunduma. Kowane mataki da wa'adinsa, wanda ya makara kuma ya rasa. A mafi yawan gundumomi yaro zai fara zaman makarantar ladabtarwa yayin da ƙorafin ke tafiya.

Idan turawar za ta wuce kwana 60, ko ƙarshen zangon ba da sakamako na gaba, duk wanda ya riga zuwa, doka ta ba ku damar bayyana gaban hukumar gunduma ko wakilinta. Abin da hukumar ta yanke shi ne na ƙarshe a ƙarƙashin babi na 37. Kotun tarayya ma ba ta cika shiga ba, domin a 1997, a shari'ar Nevares da gundumar San Marcos, kotun ɗaukaka ƙara da ke kula da Texas ta ce mayar da yaro makarantar ladabtarwa ba hana shi ilimi ba ne, tunda yana ci gaba da karatu. A ganina duk wanda ya taɓa kwatanta darasin can da na aji na yau da kullum zai yi wa wannan hukunci kallon shakka, amma shi ne ke aiki.

Kora dabam take. A nan sai an yi cikakken sauraro, yaro na da ikon zuwa da mahaifi ko wani babba da ba ma'aikacin gunduma ba, har da lauya, kuma ana iya kai maganar kotun jiha a sake duba ta daga tushe.

Har tsawon wane lokaci za a riƙe shi?

Takardar hukunci dole ta faɗi adadin kwanaki. Ba a wuce shekara guda sai an sake dubawa an tabbatar yaron barazana ne ga wasu. Ba a tsallaka da hukunci zuwa sabuwar shekarar karatu sai hukuma ta gano cewa zamansa a aji haɗari ne, ko rashin ɗa'arsa mai tsanani ne ko mai maimaituwa. Kuma duk kwana 120 ko ƙasa da haka dole a zauna a duba halin da yake ciki, ku ma a ba ku dama ku kawo hujjar a mayar da shi.

Ku tambayi yadda ake ƙirga kwanakin. A wurare da yawa ranar da yaro ya yi fashi, ko ya makara, ko ya karya ƙa'idar tufafi ba ta shiga lissafi, sai kwana 30 su zama 45 ba tare da wani sabon hukunci ba. Wasu gundumomin kuma suna sakin yaro da wuri idan ya nuna hali mai kyau, amma sai wanda ya tambaya ake gaya wa.

Ɗana ƙarami ne, yana firamare.

Yaron da bai kai shekara 6 ba ba a tura shi, sai a maganar bindiga. Wanda bai kai 10 ba ba a korarsa a yawancin laifuka, makarantar ladabtarwa ake kai shi a madadin kora. Kuma doka ta hana a haɗa ɗan firamare da manyan yara a can.

Yarona yana da IEP, wato rubutaccen tsarin karatu na yaro mai buƙata ta musamman, ko takardar sashe na 504, wadda ke tanadar wa yaro mai lalura sauƙi a makaranta. Akwai bambanci?

Babba ma. A nan ne dokar tarayya ta fi ƙarfi, kuma a nan ne iyayenmu suka fi asara, saboda da yawa ba sa son a ce ɗansu yana da wata lalura, har sukan ƙi a gwada shi. Dokar IDEA, wadda asalinta ya koma 1975, ta ce idan za a cire yaro mai nakasa daga ajinsa fiye da kwana 10 na makaranta a jere, sauya masa wurin karatu ne, ba a yin sa da ganin damar mataimakin shugaban makaranta kaɗai. Cikin kwana 10 na makaranta da yanke shawarar, dole kwamitin da ke tsara karatunsa, wanda a Texas ake kira ARD, ya zauna tare da ku ya amsa tambaya biyu. Shin lalurarsa ce ta jawo abin da ya yi, ko tana da alaƙa ta kai tsaye mai ƙarfi da shi? Shin gazawar makaranta wajen aiwatar da tsarin da aka rubuta masa ce ta haifar da shi?

Idan amsar ɗaya daga ciki e ce, yaro zai koma ajinsa, a binciki musabbabin halin, a rubuta masa tsarin gyara. Misali, yaro mai lalurar galahanga da aka rubuta cewa idan hayaniya ta yi yawa a bar shi ya fita ya huce, sai malamin riƙo da bai karanta takardar ba ya tare ƙofa, yaron ya ture shi. Wannan tambaya ta biyu ce tsaf. Idan kuwa amsar duka a'a ce, ana iya hukunta shi kamar kowa, amma ba a yanke masa hidimomin da ke cikin tsarinsa.

Abu uku ne suka fita daga wannan kariya: makami, ƙwaya, da yi wa wani mummunan rauni. A cikinsu makaranta na iya kai yaro wani wuri har kwana 45 na makaranta ko da lalurarsa ce sanadi. Idan ba ku yarda da abin da kwamiti ya yanke ba, kuna iya neman sauraron gaggawa ta hannun hukumar ilimi ta jiha, TEA. Za a saurara cikin kwana 20 na makaranta, a yanke cikin 10 bayan nan, kuma mai sauraron ba ma'aikacin gunduma ba ne.

Ku zo wa wannan zama da takardun likita, sunayen magunguna, da duk imel ɗin da kuka taɓa turawa kuna ƙorafin ba a bin tsarin. Wanda ba a taɓa gwada ɗansa ba ma yana iya samun kariyar, idan kafin abin ya faru ya taɓa rubuta wa makaranta yana neman a gwada shi ko yana nuna damuwa cewa yaron na buƙatar taimako na musamman. Maganar baki a bakin ƙofa ba lallai ta wadatar ba. Yaran sashe na 504, na dokar 1973, su ma ana yi musu irin wannan zama, sai dai kariyarsu ta fi rauni a maganar shan ƙwaya da giya.

Suna da ikon caje jakarsa, ko ɗan sanda ya yi masa tambayoyi ba na nan?

Jami'in makaranta ba ya buƙatar takardar kotu kafin ya caje, zato mai dalili ya ishe shi, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1985. Amma a 2009 kotun ta ce tuɓe yarinya 'yar shekara 13 don neman maganin ciwon kai ya wuce gona da iri. Shugaban makaranta na iya yi wa yaro tambayoyi ba tare da ya kira ku ba. Ɗan sanda kuma, ko da na cikin makaranta ne, abin da yaro ya gaya masa na iya zuwa kotu.

Da yawa za su tuna abin da ya faru a Irving, kusa da Dallas, a Satumbar 2015, lokacin da wani yaro ɗan shekara 14 ɗan asalin Sudan ya kawo agogon da ya harhaɗa a gida don ya nuna wa malaminsa. An kira 'yan sanda, an yi masa tambayoyi iyayensa ba sa nan, an fita da shi da ankwa, aka kuma dakatar da shi kwana 3, ko da yake daga baya ba a tuhume shi da komai ba. Ku koya wa 'ya'yanku jimla guda tun kafin ranar ta zo: ina so a kira iyayena, ba zan yi magana ko in rubuta komai ba sai sun zo. Ya faɗe ta cikin ladabi, ya tsaya a kanta.

Karatunsa fa? Motar makaranta da wasanni?

Dole makarantar ladabtarwa ta koyar da Turanci, lissafi, kimiyya da tarihi, da malamai masu lasisi, ta kuma ba da shawarwari. Darussan zaɓi da na manyan azuzuwa masu zurfi galibi babu su a can. Doka ta ce gunduma ta ba yaro hanyar kammala darussan da yake ɗauka kafin sabuwar shekara ta shigo, kuma kyauta. Ɗan sakandare da ke dab da gamawa, ku nemi a rubuta masa tsarin kammalawa tun makon farko, ku kuma tambaya ko zai halarci bikin yaye ɗalibai.

Muddin yana can, ba zai shiga wasanni ko wani taron makaranta ba, ko kallo. Zuwa harabar tsohuwar makarantarsa ma na iya zama sabon laifi. Mota kuwa ya danganta da gunduma; wasu na bayarwa, wasu na barin iyaye da ɗawainiyar, sai yaron da aka rubuta masa mota a cikin IEP.

Ina ganin don baƙar fata ne, ko don Musulmi ne.

Zaton ba daga sama ya faɗo ba. Binciken 2011 ɗin nan ya nuna cewa ɗalibi baƙar fata ya fi takwaransa farar fata yiwuwar fuskantar hukuncin ganin dama da kashi 31 cikin ɗari, bayan an cire tasirin sauran dalilai. A 2023 ma gundumar Barbers Hill da ke gabashin Houston ta tura wani ɗalibi baƙar fata makarantar ladabtarwa a rikicin da ya samo asali daga tsawon gashinsa, makonni kaɗan bayan dokar jiha da ta hana nuna bambanci kan salon gashi ta fara aiki, kuma a Fabrairun 2024 alƙali ya ba gundumar gaskiya.

Wannan ya nuna cewa zato kaɗai ba ya cin shari'a. Abin da ke aiki shi ne kwatance: yara biyu sun yi faɗa ɗaya, an tura ɗaya an bar ɗaya, ko wata kalma da jami'i ya furta, da rana da wanda ya ji. Ku rubuta su tun suna sabo. Ana kai irin wannan ƙorafi ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar ilimi ta tarayya cikin kwana 180 da faruwar abin.

In cire shi kawai in sauya masa makaranta, ko in mayar da shi gida wurin kakanninsa?

Cirewa ba ta goge hukunci. Gunduma na iya kammala shari'arta ko da kun janye yaron, takardar kuma tana bin fayil ɗinsa zuwa sabuwar gunduma, wadda ke da ikon ci gaba da aiwatar da ita. Wanda aka kai Kano ko Damagaram ya yi 'yan watanni ya dawo a shekarar ko ta gaba, yana iya tarar da kwanakinsa suna jiransa. Mayar da yaro gida shawara ce ta iyali, wasu ta yi musu amfani wasu ta raba su da 'ya'yansu, amma kada a yanke ta cikin fushi a daren da aka kawo takarda.

Tunda an zo maganar fushi: malamai da masu ba da shawara a Texas doka ta wajabta musu kai rahoto idan suka ga alamar an ji wa yaro ciwo a gida. Uban da ya huce haushinsa da bel, gobe yaro ya je makaranta da shati, ya buɗe wa kansa fayil na biyu a hukumar kare yara, wanda ya fi na farkon wuyar rufewa.

Idan ya gama kwanakinsa fa?

Tun 2019 doka ta ce cikin kwana 5 na karatu da sakinsa, shugabannin makarantarsa ta asali su tsara masa komawa aji, tare da shawarar mai ba da shawara da malamai, a rubuta abin da yake buƙata na karatu da na lafiyar ƙwaƙwalwa. Ku nemi kwafin wannan tsari. Ku duba an shigar da makin da ya samu a can, domin yakan ɓace tsakanin makarantun biyu. Idan akwai kuskure a abin da aka rubuta a fayil ɗinsa, FERPA ta ba ku damar neman a gyara, idan an ƙi kuma ku saka naku bayanin a ciki.

Ba a Texas nake ba. Kuma ina zan sami mai taimaka mini?

Abin da ya fito daga tarayya, wato IDEA, sashe na 504, FERPA da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, yana aiki a kowace jiha. Sauran kowa da tasa. A New York dakatarwar da ta wuce kwana 5 sai an yi sauraro a matakin shugaban gunduma. A Kalifoniya, kafin a tilasta wa ɗan sakandare komawa makarantar ci gaba da karatu, wato ta dabam da ake kai waɗanda suka kasa tafiya daidai a makarantar yau da kullum, sai an ba iyaye sanarwa a rubuce da damar zama su duba takardu su yi wa shaidu tambaya.

A Texas, Disability Rights Texas na taimaka wa iyalan yara masu nakasa, Lone Star Legal Aid na ba masu ƙaramin ƙarfi lauya kyauta a yankin Houston da gabashin jihar, Texas RioGrande Legal Aid kuma a kudu da yamma. Texas Appleseed tana wallafa bayanai kan ladabtarwa a makarantu. Ranar da za ku kira su, ku tanadi takardar hukunci, kundin ɗa'a na gunduma, IEP idan akwai, da ranar da aka fara cire yaron daga aji, domin daga ita ake ƙirga yawancin wa'adin.